Kufai da Makwantai: Tarihin da Ke Karkarar Sakkwato

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Yau karkarar ƙasar Sakkwato za mu shiga, mu zaga wasu wurare da kowa ya sha jin sunansu a bakin malaman tarihi, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa taka ƙafa a can.

Duk baƙon da ya zo Sakkwato ziyara, Hubbaren Shehu yake fara nufa, kuma haka ya dace. A nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance tun 1817, 'yarsa Nana Asma'u ma makwancinta na nan kusa da nasa. To amma ku yi wannan lissafi tare da ni. An haifi Shehu a 1754, bai kuma koma Sakkwato da zama ba sai 1815. Ke nan cikin shekarunsa sittin da 'yan kai, biyu kacal ya yi a birnin. Sauran duk a ƙauyuka ya yi su, da zangon wa'azi, da sansanin yaƙi. Wanda ya tsaya a Hubbare ya juya gida, ƙarshen labarin ya gani. Farkonsa da tsakiyarsa suna can cikin gonakin gero da bakin fadamu. Akwai ma labarin da ya girmi na Shehu da ɗaruruwan shekaru, shi ma yana can.

Da wannan tsohon labari za mu fara.

Yamma da Sakkwato, a cikin ƙaramar hukumar Binji, akwai kufan birnin Surame. Muhammadu Kanta ne ya gina shi a ƙarni na 16. Kanta kuwa jarumi ne da ya yi yaƙi a ƙarƙashin Askiya Muhammadu, sarkin daular Songai. Bayan sun dawo daga yaƙin Agadas sai aka saɓa a kan rabon ganima, Kanta ya ɓalle wajen 1516, Askiya ya turo masa runduna, ya karya ta. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta, ta zama daular da ake shakka tun daga bakin Kwara har zuwa Azbin. Ku tuna fa, a lokacin Songai ce babbar giwa a duk yammacin ƙasar Sudan. Mutumin da ya iya ce mata a'a ya kuma kwana lafiya, dole ya nemi birnin da zai kare shi.

Abin da ya bambanta Surame da sauran biranenmu shi ne kayan gininsa. Ganuwar Kano da ta Katsina da ta Zariya duk da ƙasa aka yi su, shi ya sa in aka daina yi musu yaɓe damina take cinye su. Ta Surame da duwatsu da marmara aka jera ta. Yau sama da shekara 300 ke nan da mutane suka tashi daga birnin, a wajen farkon ƙarni na 18, lokacin da sarautar Kabi ta koma Birnin Kebbi, amma har gobe mai ziyara zai ga sassan bango a tsaye cikin daji, zai ga layin ganuwa ya miƙe har ya ɓace wa ido. Ka tsaya ka dubi dutse ɗaya, ka tambayi kanka wa ya ɗauko shi, daga ina, a kan wa aka ɗora. Babu tirela, babu katafila. Kawunan mutane ne da bayan jakuna da raƙuma.

Mutanen Kabi suna da labarin da suke bayarwa a kan wannan aiki. Wai Kanta ya raba wa ƙasashen da ke bin sa ginin ganuwar, kowa da ɓangarensa. Nufawa suka makara, sai ya yanke musu hukunci cewa ba da ruwa za su kwaɓa tasu ƙasar ba, da man kaɗanya. Labarin baka ne, kuma labarin baka yakan yi ƙari. Amma ni abin da nake ji a cikinsa shi ne, jikokin waɗanda suka yi aikin ba su manta da cewa gumin talakawa da na bayi ne ya ɗaga wannan bango ba. Idan muka je Surame muna yabon Kanta, mu riƙa tunawa da su ma.

Shi Kanta, a kan hanyarsa ta dawowa daga yaƙi da Barno aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya cika a hanya, aka kawo gawarsa gida. Gwamnatin Nijeriya ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma tun 2007 sunansa yake cikin jerin wuraren da ƙasar ta gabatar wa hukumar UNESCO don a duba yiwuwar sanya su cikin kayan gadon duniya. Wanda ya ga Surame kuma yana son ya ga kayan da mutanenta suka riƙe a hannu, sai ya ƙarasa Argungu, gidan tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, aka mayar da ita gidan adana makamai da tambura da kayan su.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, daga yamma sai mu yi tsalle zuwa gabas, ƙaramar hukumar Sabon Birni, bakin Gulbin Rima. Nan Alƙalawa take, babban birnin Gobir na ƙarshe kafin jihadi. Gobirawa mutane ne da suka daɗe suna gangarowa daga arewa, sun zauna Birnin Lalle da ke cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, kafin Sarkin Gobir Babari ya karya Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 ya kafa Alƙalawa a ƙasarta. A wannan birni Bawa Jangwarzo ya yi mulki.

Mutane da yawa sun ɗauka tsakanin Shehu da sarakunan Gobir gaba ce tun daga farko. Ba haka abin yake ba. Wajen 1788 Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, ya ce abu biyar yake roƙo a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka. Sai bayan rasuwarsa al'amura suka fara tsami, zamanin Nafata da ya hana ɗaura rawani da lulluɓi, sannan zamanin ɗansa Yunfa aka kai ga zare takobi.

Alƙalawa ba ta faɗi da sauƙi ba. A ƙarshen 1804, a Tsuntsuwa da ke kusa da birnin, jama'ar Shehu suka sha mummunan kashi. Marubutan jihadin da kansu suka ruwaito cewa sun rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Sai a watan Oktoba na 1808 Muhammadu Bello ɗan Shehu ya ci birnin, aka kashe Yunfa yana yaƙi. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka yi arewa, daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu kuma suka dawo suka kafa Sabon Birni. Abin da ya rage a Alƙalawa yau tudun tsohuwar ganuwa ne da makwantan sarakuna.

Na san akwai mai cewa, me ya kai mu kufan waɗanda aka ci da yaƙi? Amsata ita ce, Bagobirin da ke Sabon Birni da ɗan'uwansa na Tsibiri kakanninsu ne ke kwance a can, kuma su ma musulmi ne 'yan ƙasa, shekara 200 ke nan ana auratayya da su, ana cin kasuwa ɗaya. Yaron da aka kai Hubbare kawai zai taso yana zaton Gobir suna ne na abokan gaba a cikin littafi. In ya ga Alƙalawa zai gane cewa gari ne da aka yi daka da saƙa da kiran salla a cikinsa.

Yanzu sai inda abin ya faro, wato Degel, a ƙaramar hukumar Gwadabawa. Ba a nan aka haifi Shehu ba, a Maratta ne, wadda yanzu iyaka ta bar ta cikin Nijar. Amma a Degel ya tashi, a nan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo yake kwance, daga nan yake fita yawon wa'azi zuwa Kabi da Zamfara ya dawo, a nan kuma aka haifi Nana Asma'u a 1793. Ƙauye ne na malamai da ɗalibai, Fulani da Hausawa da Buzaye, kowa da ɗakinsa da allonsa. Waziri Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u, ya rubuta sunayen maƙwabtan Shehu da abokan zamansa a littafinsa Raudul Jinan. Saboda haka wanda ya je Degel da wannan littafi a hannu ba filin Allah kawai zai gani ba, zai san su wa suka zauna a wurin.

Abin da ya tashi Degel ya faro ne daga Gimbana, garin wani almajirin Shehu, Bahaushe, mai suna Abdussalami. Dakarun Gobir suka far wa garin, suka kamo mutane, suka biyo da su ta kusa da Degel a ɗaure. Jama'ar Shehu suka kwance su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita daga garin shi da iyalinsa kawai. Shehu ya ce ba zai rabu da jama'arsa ba, sai dai su tashi tare. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, tafiyar kimanin kilomita 50 zuwa yamma, can bakin iyakar ƙasar Gobir. Wani malamin Buzaye mai suna Agali ya taimaka da raƙuma, aka ɗora littattafan Shehu. Aliyu Jeɗo, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Yaƙin Binji har yau, shi ma ya kawo tasa gudummawar. Nana Asma'u lokacin ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba.

Iyaye mata da ke saurare, ku dubi 'yarku mai wannan shekaru, ku ƙiyasta ta a kan wannan hanya, ana shirin shiga bazara, ga ƙarancin ruwa, ga tsoron mahaya a baya. Wannan yarinya ce daga baya ta tsara labarin tafiyar gaba ɗaya cikin waƙa da Fulatanci, aka mayar da ita Hausa da sunan Waƙar Gewaye, tana ambaton zango bayan zango. Duk mai son ya bi sawun wannan tafiya, ita ce jagorarsa ta farko.

A Gudu, ƙarƙashin wata itaciyar faru, jama'a suka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina, abin da muke cewa Sarkin Musulmi. Babu fada, babu soro, babu dogari. Sarautar da ta kai har Adamawa da Ilori a gindin itace aka ƙulla ta. Kusa da nan kuma Tabkin Kwatto yake, inda a watan Yuni na 1804 Yunfa ya zo da dawakai masu lifidi da mayaƙan Buzaye, ya tarar da mutanen da akasarinsu 'yan baka ne, dawakinsu ba su wuce ashirin ba, Abdullahi ƙanen Shehu yana jagorantarsu. Kafin rana ta faɗi rundunar Gobir ta watse. Abdullahi ya ba da labarin wannan rana a littafinsa Tazyinul Waraƙat, mutanen lokacin kuma suka riƙa kwatanta ta da ranar Badar. Wanda ya karanta wannan a aji, ya zo ya ga tabkin da idonsa, ya ga yanayin ƙasar da 'yan baka suka tsaya suka tari dawaki, shi zai gane dalilin da Hausawa suka ce gani ya kori ji.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Sauran zango biyu za mu ratsa su da sauri, don sun fi sauƙin zuwa kuma an fi sanin su. Sifawa, a ƙaramar hukumar Boɗinga, nan Shehu ya zauna bayan ya baro Gwandu, har zuwa 1815. Yaƙi ya lafa, ya koma ga abin da ya fi so, karantarwa da rubutu. A zamanin zamansa na Sifawa ne, a 1812, ya raba kula da ƙasa gida biyu, yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. Wurno kuma, arewa maso gabas da Sakkwato, ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa don tsaron iyaka, ya fi son zama a can fiye da Sakkwato, a can ya rasu a 1837, a can hubbarensa yake. Mai zuwa Wurno da rani kada ya dawo hannu rabbana, ƙasar albasa ce da tafarnuwa.

Akwai wuri ɗaya da ba a cika sa shi cikin jerin wuraren ziyara ba, ni kuwa ina ganin ya cancanta. Satiru ke nan, kudu da Sakkwato, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba. A watan Fabrairu na 1906, shekara uku bayan Turawa sun ci Sakkwato a filin Giginya, talakawan wannan ƙauye da bayin da suka gudo suka fake a cikinsa suka yi tawaye da sunan Mahadi, tare da wani malami makaho da ya tsero daga ƙasar da Faransa ke mulki, wanda ake kira Ɗan Makaho. Da gatura da fartanya da kibau suka tari sojan doki na Ingila, suka kashe Turawa uku da sojoji sama da ashirin, har suka ƙwace bindiga mai ruwa. A watan Maris aka dawo musu da babbar runduna, da goyon bayan sarakunan ƙasa. Aka kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu kuma ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin.

Labari ne mai ɗaci, kuma yana taɓa manya, shi ya sa ake ratse shi. Malamai na iya saɓawa a kan da'awar Mahadin da mutanen Satiru suka bi, wannan fagensu ne. Amma cewa talakawa sun tsaya sun mutu a wannan fili, ba mai musun haka. In ɗalibanmu sun san Giginya, sun san Burmi inda Attahiru na farko ya yi shahada a 1903, ban ga dalilin da zai sa a ɓoye musu Satiru ba.

To, ga mai niyyar tafiya, ga 'yan shawarwari. Magana ta farko ita ce tsaro, kuma ba zan rufe ku ba. Yankin Sabon Birni da Isa ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, haka ma wajen Gudu da Tangaza. Kada wani ya ji wannan shiri ya ɗauki ɗalibai a mota ya nufi Alƙalawa ko Tabkin Kwatto ba tare da ya tuntuɓi hukumomin tsaro da uban ƙasar wurin ba. In suka ce a dakata, a dakata. Kufai ya jira shekara 200, zai jira wata shekarar. Kafin nan a fara da na kusa, Sifawa da Wurno da Degel, su ma bayan an yi tambaya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka zuwa ƙarshen hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An kawar da amfanin gona, ciyawa ta kwanta, ana ganin layin ganuwa sosai, hanyoyin fadama kuma sun bushe. Da damina kuwa, a wuraren da ke bakin Rima, mota na iya kwana cikin laka. Kafin ku fita daga birni ku biya ta Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, ku ga takardu da kayan tarihi, ku nemi bayanin hanya. In kun isa ƙauye, ƙofar mai gari ake fara zuwa a yi gaisuwa, shi zai haɗa ku da dattijon da ya san wurin. Ku saurare shi da kyau, ku rubuta abin da ya faɗa ko ku naɗa a waya in ya yarda, kuma ku sallame shi da abin goro, don ya bar aikinsa ne ya raka ku.

A makabarta a yi sallama, a yi wa mamata addu'a, a kiyaye ladubban da malamai suka koyar. Kada a ɗebi ƙasar kabari, kada a taka shi don ɗaukar hoto. A kufai kuma, tsingaron tukunya ko guntun ƙarfe da ka gani a ƙasa, ka bar shi inda yake. Masu binciken kayan tarihi da wurin da abu yake kwance suke gane shekarunsa da amfaninsa, in ka sa shi aljihu ka kai gida ya zama tarkace. 'Yan'uwana manoma da magina na kusa da Surame, ku ma ina roƙonku: dutsen ganuwa ba na harsashin ɗaki ba ne, kuma doka ta hana taɓa shi. Wanda ya ga ana haƙa ko ana kwasa, ya sanar da mai gari.

Malaman makarantun firamare da sakandare da na Islamiyya da ke waɗannan ƙananan hukumomi, ku kun fi kowa sauƙin wannan aiki, tunda wasunku da ƙafa ma za ku iya kai yara. Ku nemi izinin iyaye da na shugaban makaranta, ku zaɓi safiyar Asabar, kowane yaro ya riƙo gorar ruwansa da littafin rubutu.

Nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)